Kyautar cika shekara saba'in ga tsohuwar maƙwabciya a Kumasi

Hajiya, tambayarki ta iso mu. Kin ce 'yarki da aka kawo aure unguwar Aboabo a nan Kumasi ta shaida miki tsohuwar da suke haya a gidanta za ta cika shekara saba'in, 'ya'yanta na ta shirin biki, ke kuma kina son ki yanko turmin atamfa a Kwari, ki haɗa da ƙwaryar goro a kai mata. Kin kuma tambaya ko mu 'yan Zango, wato unguwannin Hausawa da sauran Musulmi a nan Ghana, har mun koma bikin ranar haihuwa ne. Niyyarki ta yi kyau, Allah ya saka, amma ki dakata da sayayyar tukuna.

Mu a Zango ba mu cika yi wa tsofaffinmu wannan biki ba. Matasa dai kan yanka kek su ɗauki hoto, malamai kuma kowa da abin da yake faɗa a kai, kamar dai yadda kuke ji a Kano. Sai dai zaman Kumasi zaman gidan haya ne, tsakar gida ɗaya, famfo ɗaya, igiyar shanya ɗaya, kuma sau da yawa masu gidan Asante ne, waɗanda kakanninmu fataken goro ke kira Tonawa. Ranar layya mukan aika musu nama, da Kirsimeti su aiko mana da shinkafa da mai, wani lokaci da kaza da ranta don mu yanka da kanmu. To, wadda kuke irin wannan zama da ita, ba a rufe ɗaki ranar farin cikinta. A babin haƙƙin maƙwabtaka muke ajiye abin. Yawancinmu ba ma bin su coci, a gida ake samun tsohuwa a yi mata barka.

Su Asante ranar mako da aka haifi mutum ita ce a bakin kowa, don tana cikin sunansa, kamar Ladi da Jummai da Ɗan'asabe a wajenku. Akosua 'yar Lahadi ce, Yaa 'yar Alhamis, Kofi ɗan Juma'a, Kwame ɗan Asabar. Bikin shekara kuwa ya fi ƙarfi a sittin, wato shekarar ritaya daga aikin gwamnati, sai saba'in da tamanin. Saba'in ta fi nauyi saboda ayar Zabura ta 90 da ta ce shekarun mutum saba'in ne, ko tamanin in da ƙarfi. Shi ya sa ake tafiya coci godiya cikin fararen kaya, a dawo gida a ci a sha.

Kafin komai 'yarki ta gano cocin da tsohuwar take zuwa. Shaidun Jehobah ba sa bikin ranar haihuwa sam, kai musu kyauta da wannan sunan sa su cikin kunya ne. A bari wani lokaci a kai haka kawai. Masu ibadar ranar Asabar suna da yawa a ƙasar Asante, kuma da damansu ba sa shan shayi ko kofi, don haka kwalin Lipton bai dace da su ba. Wadda za a tambaya ita ce babbar 'yar tsohuwar, ko 'yar ƙanwarta. Asante ta wajen uwa suke ƙirga dangi, shirin irin wannan biki yakan kasance a hannun matan ɗakin.

Yanzu ga maganar zane, wanda suke kira ntoma, nan ne baƙo yake zamewa. A Kwari ke launi za ki duba, da kauri, da ko yana zuba. A nan launi magana yake yi. Ja, da baƙi, da ruwan ƙasa mai duhu, kayan zaman makoki ne, ranar Asabar za ka ga gari ya cika da su. Atamfa mai jan ƙasa da baƙin zane, wadda a Kano za a ce ta ƙayatar, in aka miƙa wa 'yar saba'in kamar an ce mata ta fara shiri ne. Ba za ta ce komai ba, za ta yi godiya ta sa a akwati, amma matan gidan sun gani. Abin da ake so shi ne fari mai ɗigon shuɗi ko siririn baƙin zane, don fari a wajensu na nasara ne da godiya. Shi mai jego take ɗaurawa, shi wanda ya tashi daga ciwo yake sawa. Mai ruwan zinariya ko kore ma ba laifi.

Farin ma sai an tambayi sunansa, domin da fari da baƙi ake jana'izar wanda ya tsufa ƙwarai, kuma tsofaffin zane-zanen nan kusan kowanne da sunansa da karin maganar da ke bayansa. Akwai mai hoton matakala, Owuo atwedee, wato tsanin mutuwa, wanda ba mutum ɗaya ke hawansa ba. Akwai Owuo see fie, mutuwa mai rushe gida. Waɗannan ko kyauta aka ba 'yarki kada ta kai. Akwai Efie mmosea, tsakuwar tsakar gida, mai nufin na gida ne ke yi maka ciwon da ya fi zafi. Habaici ne tsantsa, a gidan haya kuwa yana iya tayar da rigimar da ba a san mafarinta ba. Mai tsuntsu yana tashi, Sika wo ntaban, kuɗi na da fiffike, bai kai waɗancan muni ba, amma ga uwar gidan da ke karɓar kuɗin haya sai ya zama kamar gugar zana. Waɗanda ke da daɗin ji su ne irin su Obaapa, mace tagari, da Ahwenepa nkasa, dutsen ado na ƙwarai ba ya ƙara, yabo ne ga mai nutsuwa wadda ba ta cika baki. Matan da ke sayar da zane a kasuwannin Kejetia da Adum sun san sunayen nan kamar yunwar cikinsu. 'Yarki ta ce musu kawai na 'yar saba'in ne, ta maƙwabtaka, za su jawo mata uku ko huɗu ta zaɓa. Saboda wannan ne na ce ki turo kuɗin a saya a nan ya fi ki aiko da atamfar.

Awon ma da bambanci. Turminku na yadi shida a nan rabi ake ce masa, cikakke yadi goma sha biyu ne. Yadi shidan ya ishi mace: biyu riga, biyu siket, biyu na yafawa. Da tsoho ne mai bikin, shida ba ta yi masa komai, tunda namijin Asante naɗa zane yake yi ya ratayo ta kafaɗar hagu, ya bar ta dama a buɗe. Mai matsakaicin jiki yana buƙatar takwas zuwa goma, ƙato goma sha biyu, kuma a yanka shi a haɗa gefe da gefe kafin ya ɗauru. In kuɗin bai kai ba, gara a ɗinka masa batakari fari ko mai ratsin shuɗi, wato rigar nan ta saƙar arewacin Ghana; daga hannun ɗan Zango tana da daraja ta daban. Zanen kamfanin GTP ko na Akosombo shi ne madaidaici ga maƙwabci. A duba sunan kamfani da lambar zanen a bakin yadin, don jabu ya yi yawa, kuma tsohuwar Asante da taɓawa ɗaya take gane shi. Kenten Bonwire kuwa, saƙar hannun nan ta Asante mai tsada, a bar wa 'ya'yanta, nasu ne su yi mata, maƙwabci in ya yi ya shiga gabansu. In dangi sun fitar da anko, wanda mu nan muke ce wa yayi, 'yarki ta sayi nata ta ɗinka, wannan kaɗai rabin kyauta ne. Ta kuma kai zanen da sati biyu ko uku a gaba, in ana so a gan shi a jikin mai shi ranar bikin, domin tela sai da lokaci.

Goro kam ki bar shi a Kano, Hajiya. Daga dazukan nan ake ɗaukarsa tun zamanin fataken Gwanja da kasuwar Salaga, kai wa Asante goro kamar kai wa mutumin Bilma gishiri ne. Turaren wuta ma ba kowa ya saba da shi ba, tsoho mai tari ko asma a ɗaki mai taga ɗaya hayaƙin wahala zai zame masa. Su a al'adarsu kwalbar giya ake kai wa dattijo. Mu ba ma kaiwa, sun kuma san haka tun kaka da kakanni, ba wanda zai ji haushi. Kiret ɗin lemo ko na malta shi ke tsayawa a madadinta.

Abin da ya fi shiga ransu daga wajenmu girki ne. Waken nan da shinkafa da ake dafawa da karan dafi, wanda duk Ghana ke kira waakye, daga bakinmu suka karɓi sunan. Babbar kula ɗaya ta ishi baƙi ashirin, kuma sai a gaya wa 'yar tsohuwar tun da wuri don ta rage nata girkin. Na tsohuwar a zuba daban, a rage gishiri da magi, a sa yajin a gefe, nama ya dahu luguf saboda haƙori. Kilishi da ƙuli-ƙuli jikoki ne za su cinye. Kiret ɗin ƙwai mai talatin shi ma yana da muhalli, saboda da safen ranar akan yi wa mai biki eto, doya ko ayaba da aka kirɓa da manja aka jera dafaffen ƙwai a kai. Kwandon Milo da madara da sukari da sabulu da tawul kyauta ce da kowa ya sani, amma a tambaya ko tana da ciwon sukari. In tana da shi a cire Milo da sukarin, a sa zabo biyu.

In kuɗi za a ba ta, a sa sababbin takardu a ambulan, a damƙa mata hannu da hannu. Kada a tura ta waya, don sau da yawa jika ne ke riƙe da lambar sirrin. Ki kuma gargaɗi 'yarki da lissafin tsofaffi: tun 2007 aka cire sifili huɗu daga sidi, kuɗin Ghana, amma har gobe da tsohon ƙirga suke magana. In ta ji tsohuwa na cewa an ba ta miliyan ɗaya, sidi ɗari take nufi. Wata hidima mai sauƙi ita ce sabunta mata katin inshorar lafiya, wanda ke ƙarewa duk shekara. Ana yi ta waya da *929#, kuma waɗanda suka haura saba'in an ɗauke musu kuɗin shekara, sai ɗan kuɗin sabuntawa. Sanda ko na'urar awon jini kuwa, in ba ita ta nema ba, a bi ta hannun 'yarta wata rana daban.

Saura kaiwa. Ba a aiken yaro da ita, ba a kuma ajiye ta a bakin ƙofa. 'Yarki ta yafa mayafinta ta tafi da wata babbar mace ta rakiya, da hantsi, jajibirin bikin ko da safen ranar kafin a tafi coci. In ta tarar da mutane a zaune, ta fara gaisuwa daga na hannun damanta ta bi zuwa hagu. Ta kira tsohuwar Maame ko Nana, kada ta kama sunanta tsirara. Za a ba su wurin zama da ruwa, sannan a tambaye su abin da ya kawo su ko da an sani, ita mai rakiyar ce za ta yi bayani, ta ambaci sunanki ta ce uwar yarinya ce daga Kano ta ce a gaishe ta. A miƙa da hannun dama, ko hannu biyu. Hagu zagi ne a nan fiye da yadda yake a can. Wataƙila ba za a buɗe a gabansu ba, kada ta damu. Washegari da sassafe za ta ji ana ƙwanƙwasa ƙofa, 'yar tsohuwar ce da wata sun zo godiyar jiya, wani lokaci har su biya wajen mijinta da mai rakiyar su ma a gode musu. Ta tanadi kujera biyu da ruwan sanyi, ta kuma riƙe lambar wayarki kusa, don ba mamaki su ce a kira musu Hajiya.