Ba a wayarka za ka gane The Low End Theory ba

Ɗan'uwa, ka ce kowa yana zuga The Low End Theory, kundin waƙoƙi na biyu na ƙungiyar rap ta Amurka A Tribe Called Quest, kai kuma ka kunna shi a waya ba ka ji abin da ake yabo ba. Ai laifin lasifikar waya ne. Sunan kundin ma nuni yake da ƙasan sauti, wato kaurin bes da ganga, abin da waya ba ta iya fitarwa ko kaɗan.

Ni a kaset na fara jin sa, wanda yayana ya zo da shi daga Legas. Muna da wata tsohuwar rediyo mai lasifika biyu, idan waƙar farko, "Excursions", ta fara, bes ɗin nan shi kaɗai kafin ganga ta shigo, har kofin silba da ke kan rediyon sai ya riƙa rawa. Mahaifiyarmu ta sha leƙowa tana tambaya ko mota ce ta tsaya a ƙofar gida.

Kundin ya fito ran 24 ga Satumba 1991 a kamfanin Jive. Na farkonsu na 1990 yana da daɗi, amma a cikin mawaƙan ƙungiyar kusan Q-Tip ne ya mamaye shi, Phife Dawg ɗan rakiya ne kawai. A nan ne Phife ya farka. Saurari yadda ya buɗe "Buggin' Out", sannan ka ji yadda shi da Q-Tip suke miƙa wa juna baiti a "Check the Rhime" kamar abokai biyu a bakin titi. Dama tun suna yara suka taso tare a Queens ta birnin New York. Muryar Q-Tip a sanyaye, ta Phife da zafi da barkwanci. Ciwon suga ya ɗauke Phife a Maris 2016 yana da shekara 45, tun daga nan ba na jin baitocinsa kamar da.

Kiɗan kuwa tankaɗe shi suka yi sai da ya rage ganga, bes da murya, da ɗan abin da suka tsakuro daga tsofaffin fayafayan jaz. Har Ron Carter, wanda ya yi wa shahararren makaɗin jaz Miles Davis kiɗan bes a shekarun 1960, suka gayyato ya kaɗa da hannunsa a "Verses from the Abstract". Shi kuma Bob Power, injiniyan sautin, ba a cika ambatonsa ba, alhali shi ya sa kaurin bai danne muryoyin ba.

Wasu sun fi son kundinsu na uku, Midnight Marauders na 1993, ba na musu da su, ya fi santsi. Amma kai dai ka ari lasifika mai kyau, ka fara daga farko ba tsallake, har ka kai "Scenario" a ƙarshe inda baƙon mawaƙi Busta Rhymes ya shigo da ruri. Sai ka dawo mu yi maganar.