Amsa ga Yaya a Kan Aikin 'Yarsa a Makarantun Amurka

Assalamu alaikum Yaya. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan iyali da sauran 'yan'uwa na Tudun Wada suna lafiya.

Saƙonka ya iso, kuma na gane inda ruɗanin ya taso. Da ka ji an ce 'yarka ta zama mataimakiyar malami a jami'a, sai ka auna abin da mudun Jami'ar Ahmadu Bello ta Samaru, inda wannan muƙami yake nufin matakin farko na aikin koyarwa: mutum ya gama digirin farko da sakamako mai kyau, ya yi hidimar ƙasa, jami'a ta ɗauke shi ma'aikaci mai albashi, ya riƙa hawa har Allah ya kai shi farfesa. A nan sunan ne kawai ya zo ɗaya. Ita ɗaliba ce mai karatun digiri na biyu, an yafe mata kuɗin makaranta ana ba ta alawus duk wata, ita kuma tana yi wa jami'ar aikin sa'o'i 20 a mako, kuma ranar da ta karɓi digirinta aikin ya ƙare.

Sai batun asambuli da 'yarka take shiryawa a makarantun garin nan, wanda ka ce ai aikin hedimasta ne. Kai da ka yi shekaru kana tsayawa gaban yara da sanyin safiya, an jera su aji-aji, a yi addu'a, a rera taken ƙasa, a duba farce da kayan makaranta, dole abin ya ba ka mamaki. A yawancin makarantun gwamnati na nan ba a yin wannan taro kullum. Jefi-jefi ake tara yara a ɗakin wasanni ko babban zaure, 'yan firamare su zauna a ƙasa, a kawo musu baƙo ya nuna musu wani abu na minti 30 ko 40. Aikin 'yarka shi ne haɗa makarantun garin da ɗaliban jami'a 'yan ƙasashen waje da kuma mazauna irinmu: ta tsayar da rana da shugaban makaranta, ta nemo mai magana, ta saurari abin da zai faɗa tun kafin ranar, sannan ta tabbatar an yi masa binciken da hukumar makarantun take nema ga duk wanda zai kusanci yara. Aikin ya fi yi mata yawa a Nuwamba, lokacin makon ilimin ƙasa da ƙasa, da kuma Fabrairu, watan tarihin baƙaƙen fata.

Inda aikin yake da wuya shi ne wajen addini, kuma a nan ne mutanenmu suka fi yin tuntuɓe. Tun 1962 Kotun Ƙolin Amurka ta hana makarantun gwamnati jagorantar yara a addu'a, a 1963 kuma ta haɗa da karatun Baibul na ibada. An yarda ka bayyana wa yara mene ne azumi da dalilin da ya sa muke yanka rago a Babbar Sallah, amma ba a yarda ka kira su zuwa ga addininka ba, ko wane ne kai. Wani dattijonmu mai ilimi, wanda aka gayyata ya yi bayanin Sallah, bai ankara ba ya zarce cikin wa'azi, domin a wurinsa bayani da nasiha tare suke tafiya, kuma ban ga laifinsa ba. 'Yarka ce ta sha kiran waya washegari. Tun daga ranar take zama da kowa a gida tukuna, ta durƙusa ta gaishe shi yadda ya kamata, sannan ta nuna masa iyakar da ba a ƙetarewa. Ka san nauyin da ke cikin yarinya ta gaya wa sa'an ubanta abin da zai faɗa da wanda zai bari, shi ya sa nake raka ta idan mutumin babba ne.

Akwai kuma ƙananan abubuwa da ba za su zo maka a rai ba. Ba ma kai ƙuli-ƙuli ko kilishi, saboda akwai yaran da gyaɗa take kai su asibiti, har makarantu da dama sun hana ta shiga ajujuwa. Ba a ɗaukar hoton yaro sai da izinin iyayensa. Wanda ya makara kuwa, ko da minti 10 ne, zai tarar an mayar da yaran aji.

Ka tambaya ko me Hausawan nan suke samu da har suke barin aikinsu su je. Mu 'yan kaɗan ne a garin, kuma 'ya'yanmu da aka haifa a nan sukan ji nauyin sunayensu a gaban abokai. Don haka idan ranar ta zo kowa yakan fito da abin da yake da shi: wannan ya ba da aron babbar riga mai aska takwas, wata ta zo da lalle, wani ya ɗauko kalangun da ya daɗe a rataye. Na ga yaron da ba ya amsa wa uwarsa da Hausa a waje, amma ranar da aka ba da labarin Sarauniya Amina da ganuwar Zazzau, aka koya wa yara faɗin "sannu", shi ne ya miƙe yana gyara wa malamarsa lafazi.

'Yarka ta ce in roƙe ka, idan akwai wanda ya ɗauki bidiyon Hawan Sallah na bana a ƙofar fada, musamman wurin jafi, ka sa a turo mata kafin Nuwamba, domin wanda take nunawa ya tsufa kuma dawakan ba sa fitowa sosai. A gaida Hajiya da yara.