Motar da ta sha ruwa a Houston, da sauran tambayoyinku

Wasiƙun wannan mako kusan duk a jiƙe suka iso, don haka na ware huɗu da suka shafi mota da ruwa. Masu tambayar firji da janareta su yi haƙuri sai mako mai zuwa.

Tambaya: Assalamu alaikum Baba. Ina zaune a Houston ta jihar Texas. Ina da Dodge Challenger R/T ƙirar 2016, mai silinda takwas. Ambaliyar 2017 ta shanye ta a hannun mai ita na farko, inshora ta biya shi, wani bakanike ya saye ta a gwanjo ya gyara, ni kuma na saya a wurinsa a 2019. Takardarta na ɗauke da tambarin ta sha ruwa an sake gyarawa. Yanzu Allah ya ba mu tagwaye, mota mai ƙofa biyu ba ta yi mana. Irinta mai takarda lafiyayya ana sa mata dala 19,000, ni kuwa wanda ya fi kowa tayi ya tsaya a 11,000. Ƙanena a Kaduna ya ce in lodo masa ita a jirgi, wai a gida ba mai tambayar wata takarda. Yaya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya raya tagwaye, ya ba mai jego lafiya. Amma ɗana, wanda ya sayi rariya ai ya san za ta zubar da ruwa. A 2019 da bakaniken nan ya sallama maka da sauƙi, wannan tambarin ne ya rage maka kuɗi. Yau kai ne mai sayarwa, ragin ya juyo kanka. Ba wanda ya zalunce ka.

A kasuwar Amurka, mota mai irin wannan takarda takan rasa kashi 20 zuwa 40 cikin 100 na darajarta, wadda ta sha ruwa kuma ta fi kusa da 40 ɗin, domin mai saye ya fi tsoron ruwa a kan karo. Yi lissafi da 19,000 ɗinka: za ka faɗa tsakanin dala 11,400 da 15,200. Ka ga mai tayin 11,000 bai zage ka ba, ya dai fara daga ƙasa kamar kowane ɗan kasuwa. Dalilin faɗuwar farashin ma a fili yake. Yawancin bankuna ba sa ba da bashin sayen irinta, kamfanonin inshora da dama kuma ba sa yarda su ɗauki nauyin motar kanta, sai dai ɓarnar da ka yi wa wani. Saboda haka mai sayenka dole ya zo da kuɗi a hannu, masu kuɗi a hannu kuwa ba su da yawa, kuma sun san haka.

Abin da zai ɗaga ka daga ƙasan lissafin nan zuwa tsakiya shi ne shekarun da ka yi kana hawanta. Cutar ruwa a mota jinkirin fitowa gare ta, amma ba ta yin shekara da shekaru a ɓoye. Motar da aka gyara bara abin tsoro ce; wadda ta yi ta zirga-zirga tun 2019 ta riga ta ba da shaidarta. Tattaro kowane rasit na juyen mai da gyara, ka jera su bisa kwanan wata. Sa lambar shasinta a intanet, sau da yawa hotunan ranar gwanjo suna nan, har da alamar inda ruwan ya tsaya. In ruwan bai wuce ƙasan kujera ba, hoton nan ya fi maka dillali goma. Kana kuma da wata 'yar sa'a: abin da guguwar Harvey ta zuba wa Houston a 2017 ruwan sama ne, sama da mita ɗaya cikin 'yan kwanaki. Ƙazami ne, amma ba na gishiri ba. Motocin da ruwan teku ya hau a Florida lokacin guguwar Ian a 2022, waɗannan gishiri na cin wayoyinsu har gobe.

Duk wanda ya san Challenger, but zai fara buɗewa, don a can batirinta yake, ƙarƙashin shimfiɗa, tare da akwatin fis na baya. Riga shi dubawa. In akwai koren tsatsa a bakin wayoyi, kai wa mai wayarin ya gyara, ka ajiye rasit. Ka kuma tabbatar fitilar jakar iska tana kamawa in an kunna mota sannan ta mutu da kanta. Wannan ba ta farashi ba ce, ta rai ce.

Sai talla. Layin farko ya faɗi cewa ta sha ruwa a 2017 kuma takardarta mai tambari ce. Layin farko na ce, ba can ƙasa bayan ka gama yabon ƙarar inji ba. Masu kira za su ragu, amma wanda ya kira ya riga ya haɗiye maganar. Kar ka ɓata lokaci wajen manyan dilolin mota, da yawansu ba sa karɓa, masu karɓa kuma kuɗin gwanjo za su ba ka. Mutanenka su ne masu sha'awar injin Hemi irin na motarka, waɗanda ke sayen mota don filin tsere ko don su kwance su ɗaura, su takarda ba ta dame su ba. Tun ƙarshen 2023 Dodge ta daina ƙera Challenger, wannan ma yana taimaka maka kaɗan. Wanda ya ce zai kai wa bakanikensa ya duba, ba shi makulli ku tafi tare. A takardar ciniki a rubuta maganar ruwan ƙarara, ya sa hannu, ka riƙe kwafi. Kuɗi a karɓa a cikin banki, don cek na jabu ya yi yawa a irin wannan ciniki. Bayan nan ka sanar da hukumar motocin Texas cikin kwana 30 cewa ta bar hannunka, kar tarar wani ta biyo ka.

Yanzu ga ƙanenka na Kaduna, shi ne ya sa na ɗauko wasiƙarka a farko.

"A gida ba mai tambayar takarda." Wallahi wannan magana ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya. Gaskiya ya faɗa, shi ya sa ta fi zafi. A Amurka tambarin nan yana bin mota duk inda ta je, akwai rumbun gwamnati da ke riƙe da tarihinta. Da zarar ta sauka a tashar jiragen ruwa ta Tin Can a Legas ta fito da takardun kwastan, shi ke nan an yi mata wankan tsarki, ta zama tokumbo tsaleliya, "yanzu aka sauke ta, Alhaji". Duk shekarar da guguwa ta daki Amurka, Katrina a 2005, Sandy a 2012, Harvey, Ian, filayen gwanjo irin su Copart sukan cika maƙil da motocin da inshora ta yafe, 'yan watanni kaɗan sai ka ga wasunsu a jere a bakin titunanmu suna walƙiya. Masu kawo su 'yan'uwanmu ne. Masu saye su ma 'yan'uwanmu ne: malamin makaranta da ya yi shekara biyar yana adashi, ɗan fansho da ya zuba giratutinsa.

Ni ma an taɓa yi mini. Wani dillali da muke sallah sahu ɗaya ya sayar mini da mota a tsakiyar rani, sai ƙamshin turaren mota take. Damina na sauka, cikinta ya fara warin tsohuwar rijiya. Gilashin baya ya riƙa sauka da kansa cikin dare. Ranar da na yi faci na ɗaga safaya, sai ga busasshiyar laka a ramin, ta tsattsage kamar ƙasan tafki a watan Afrilu, da 'yan ƙananan ƙwanson dodon koɗi guda uku. Na sa su a aljihu na kai masa. Ya juya su a tafin hannu ya ce, "Ikon Allah." Iyakar abin da na samu ke nan.

Dukanmu mun karanta hadisin da Imamu Muslim ya ruwaito: Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya cusa hannu cikin tsibin abinci a kasuwa ya ji danshi, mai kayan ya ce ruwan sama ne ya doke shi, sai ya tambaye shi me ya hana ya sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani. Jiƙaƙƙen kaya a ƙasa, busasshe a sama. Sai ka ce da motar ambaliya ake. Ba na cewa sayar da ita haramun ne, a'a, sa danshin a sama kawai. Matsalar ita ce ko kai ka faɗa wa ƙanenka, ko shi ya faɗa wa dillali, maganar ba za ta kai kunnen mutum na uku ba. Kuma ranar da ta tsaya cak a hanyar Abuja, mai ita ba zai yi fushi da Harvey ba. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa, ƙanenka ne zai riƙa canza hanyar masallaci.

Ko ta fuskar riba ma ban ga abin ba. Kuɗin jirgi, kuɗin kwastan, na ejan, na tirela zuwa Arewa, duk kafin ka ga sisi. Sannan tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, mutum nawa ne a Kaduna ke neman inji mai lita 5.7? Sayar da ita nan inda take. In an ba ka 13,000, ka ce Allah ya sa albarka, ka nemi mai ƙofa huɗu.

Tambaya: Malam, na ji an ce in aka kai mota wata jiha a Amurka aka sake mata rajista, tambarin yana gogewa. Wace jiha ce ta fi sauƙi? Kuma wane turare ne ke kashe warin kafet? Daga wani ɗalibi a New Jersey.

Amsa: Yaro, karatu aka tura ka. Abin da kake tambaya suna gare shi a can, wankin takarda, kuma zamba ce da ake gurfanar da mutum a kanta. Jihohi yanzu suna duba rumbu ɗaya, tsohon tambari yana nan ko sabuwar takarda ta fito fes. Turare kuma ban sani ba, ko na sani ba kai zan faɗa wa ba.

Tambaya: Baba, ni malamar asibiti ce a Zariya. Shekara huɗu ina tari, yanzu na samu Corolla tokumbo a wajen wani dila, har na ba da kafin alƙalami. Wata abokiyar aikina ta ce ana kawo masu shan ruwa, tun daga nan na kasa barci. Ba ni da wanda ya san mota a gida.

Amsa: Kwantar da hankalinki 'yata, ai kin yi tambaya kafin ki biya, kin fi ni wayo. Kuma ba kowace tokumbo ce ta sha ruwa ba, da yawa lafiyarsu ƙalau.

Fara da lambar shasi. Haruffa da lambobi 17 ne, za ki gan su a ƙasan gilashin gaba ta wajen direba, da kuma jikin ginshiƙin ƙofarsa. Ki tabbata biyun sun zo ɗaya. In daga Amurka ta fito, ƙungiyar NICB ta kamfanonin inshora tana da shafin dubawa kyauta, shafin kamfanin Carfax kuma na kuɗi ne amma ya fi bayani. Ki sa lambar a Google ma, ko hotunan gwanjo za su fito. Kada ki yarda da takardar da dila ya buga ya miƙo miki, ki duba da wayarki.

Daga nan ki samu bakanike, naki ba nasa ba, ki biya shi kuɗin yini. Ku je da rana tsaka, a rufe gilasai na ɗan lokaci, sannan ki shiga ki shaƙa. Hancin ma'aikaciyar asibiti ba ya ɓata. Ki jawo bel ɗin kujera har ƙarshe, ruwa kan bar zane a can ciki inda mai wanki ba ya kaiwa. A tura kujera baya a duba kusoshin da suka riƙe ta, tsatsa a cikin ɗakin mota ba ta da dalili. A ɗaga safaya, a ɗaga gefen kafet a taɓa soson da ke ƙasa. Tsohuwar mota da sabon kafet dal, ki tambayi dalili. A kunna komai: gilasai, esi, rediyo, fitilu, goge-gilashi. Bakanike ya jona na'urar bincike ya karanta ƙwaƙwalwar motar.

In dila ya fara "Hajiya ba ki yarda da ni ba ne?", ki ce kin yarda, dubawa dai za ki yi. In ya hana, ki nemi kafin alƙalaminki. Ko ya riƙe wani abu a ciki, asarar ba ta kai ta shekara huɗu ba. Ki rubuto ki gaya mini yadda kuka ƙare.

Tambaya: Motar mahaifinmu ta kwana biyu cikin ruwa a ambaliyar Maiduguri ta watan Satumban 2024, tun lokacin tana ajiye ba a taɓa ta ba. Mu sa batir mu gwada tayarwa?

Amsa: Kul. In akwai ruwa a silinda kuka murza makulli, sandunan fistin za su lanƙwashe, injin da ake iya cetowa ya zama na 'yan gwangwan. A ja ta zuwa gareji, a cire fulogi, a juye baƙin mai da man giya da na tanki, a gwada juya injin da hannu. In ya ƙi motsi, ku kira masu sayen kayan gyara su yi mata kuɗi gunduwa-gunduwa, ku kuma gaya musu kwana nawa ta yi a ruwa.