Re: Nawa zan sayar da websait ɗina na wankin gilashin tagogi?

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Na karanta bayaninka sau biyu, kace kana wankin gilashin tagogi a Bradford, ka samu wani aiki a wani gari zaka tashi, websait ɗin shekararsa huɗu, fam 800 ka biya aka gina maka, yana kawo maka kira kamar goma a wata, wani ya taya fam 300 kai kuma a ranka fam 3,000 kake so. Toh nima nayi wannan sana'ar shekaru a wajen Manchester kafin gwiwa ta hanani, kuma da zan bari sai da na sayar da komai har da shafin, don haka bari in faɗa maka abinda na gani da idona.

Na farko dai ka cire fam 800 ɗinnan daga lissafi gaba ɗaya. Ba wanda zai biyaka kuɗin da ka kashe shekara huɗu da suka wuce, yanzu yaro ɗan makaranta zai haɗa maka shafi mai feji biyar a WordPress ko Wix cikin yini ɗaya kuma yayi kyau. Mai saye ba zanen yake saye ba, wayar da take ƙara yake saye. In wayar tana ƙara kuma zaka iya nuna masa shaida, kana da kaya a hannu. In ba shaida, wallahi mai fam 300 ɗinma bai cuceka ba.

Akwai lissafin da zaka gani ana yawo dashi a intanet, wai ka ɗauki ribar da shafi yake kawowa a wata ka ninka sau 30 ko 35. Wannan na shafukan da su kansu suke kawo kuɗi ne, na talla ko na la'ada, wanda mutum yana kwance a gado kuɗi na shigowa. Naka ba haka yake ba. Naka kira yake kawowa, kuma kiran baya zama kuɗi sai wani ya tashi da sassafe cikin sanyin Yorkshire ya cika tanki ya ɗau sanda ya tafi. Don haka in ka ninka kuɗin da kake samu a wata sau 30 kace kuɗin websait kenan, kana sayar da guminka ne da sunan shafi, kuma duk wanda yasan sana'ar dariya zai maka.

Ga yadda ni nake lissafawa, da lambobinka. Kira goma a wata. Cikin goman nan kai ka sani wasu farashi kawai suke tambaya, wasu wanki ɗaya suke so saboda zasu sayar da gida ko suna da biki, wasu ma 'yan talla ne masu cewa zasu kaika saman Google. Mu ɗauka uku ne suke zama kwastoma na dindindin. A shekara 36 kenan. Amma basa zama duka, wani zai tashi, wata zata ce mijinta ya sayi tsani, wani bashi zai ci ka daina zuwa, mu ce 24 suka rage. In kowane gida fam 15 ne a zagaye, wato wanki sau ɗaya a wata, shafin yana ƙara maka aikin fam 360 a wata duk shekara. Toh tambayar da mai saye yake yi a ransa itace, in zan sayi aikin fam 360 a hannun wani mai wanki nawa zan biya? Lokacin da nake ciki, zagayen gidaje, wato jerin gidajen da mutum yake wanke wa akai-akai, ana sayar dashi ninki uku zuwa huɗu na kuɗin da yake kawowa a wata, in gidajen suna kusa da juna kuma masu biya ne akan lokaci yakan haura haka. Kaga fam 360 sau uku 1,080, sau huɗu 1,440. Cire kuɗin domen (sunan adireshin shafin) da hostin (inda shafin yake ajiye a intanet) na shekara. Wannan shine abinda shafin yake haifarwa a shekara ɗaya, kuma mai hankali bazai biya fiye da na shekara ɗaya ko ɗaya da rabi ba, don Google na iya canza tsari gobe ka wayi gari kana feji na uku. A ganina kuɗin shafinka yana tsakanin fam 1,000 da 1,500 in lambobin da ka faɗa gaskiya ne kuma a rubuce suke. Fam 3,000 yayi yawa in shafin kaɗai ne. Fam 300 kuma kace masa albarka.

Amma fa abinda ya bani mamaki a tambayarka, baka ce komai akan kwastomominka na yanzu ba. Ina zasu? Zaka tashi ka barsu haka kawai? Ai nan kuɗin yake ɗan'uwa. In kana da zagayen da yake kawo fam 1,500 ko 2,000 a wata, shi kaɗai ya ninka kuɗin shafin sau nawa, kuma idan ka haɗasu wuri ɗaya, zagaye da shafi da lambar waya da sunan sana'ar, kowanne yana ɗaga darajar ɗan'uwansa. Ni haka nayi, har da tankin da injin tace ruwa da sandunan. Wanda ya saya cewa yayi shafin ne yasa bai tsaya dogon ciniki ba, saboda ya san gidajen da zasu zube bayan na tafi shafin zai cike gurbinsu. Sayar da shafin daban kamar ka sayar da allon shago ne ka bar shagon da kayan ciki.

Sai maganar shaida, wannan ka ware mata lokaci. Ka buɗe Google Search Console ka fitar da rahoton watannin baya, yana ajiye na wata 16, zai nuna kalmomin da mutane suke nema suna faɗowa kanka da sau nawa aka danna. In ka saka Google Analytics, mai ƙirga masu shiga shafin, shima ka fitar, sai dai ka sani tsohon ya daina aiki tun Yulin 2023, in wanda ya gina maka bai mayar da kai sabon GA4 ba ƙila ba komai a ciki. Sannan ka shiga Google Business Profile ɗinka, wato bayanan sana'arka da suke fitowa a taswirar Google, can ma akwai adadin waɗanda suka danna kira. Ka haɗa da imel ɗin da fom ɗin shafin yake turowa da littafinka na kwastoma, ko manhajar ajiye kwastomomi irin Squeegee ko Cleaner Planner in dasu kake amfani, ka nuna wane gida ta shafin yazo. Kar ka tura masa hoton allo kawai, kowa ya san ana gyara hoto, ku zauna ka buɗe a gabansa ya gani da idonsa.

Kuma in ka duba da kyau ina kyautata zaton zaka tarar yawancin kiran ba daga shafin suke zuwa ba, daga taswirar Google suke, wato wancan akwatin da yake fitowa da taurari da maɓallin kira in mutum ya nemi mai wankin taga kusa dashi. Mutane da yawa basa ma buɗe websait ɗin, taurarin suke kallo su kira. Toh wannan akwatin shine zuciyar cinikin kuma shine mai rikici. Google da kansu sun ce nisa yana cikin abubuwan da suke dubawa wajen jera sana'o'i, kenan in mai sayen yana Leeds ya canza adireshi zuwa can, matsayin da ka gina a Bradford zai iya tafiya, kuma suna iya cewa ya sake tabbatar da sana'ar da bidiyo. In sunan sana'ar bai canza ba, mai ita kawai ya canza, sharhin kwastomomi yana zama. In ya sauya suna gaba ɗaya toh komai na iya faruwa. Yadda ake miƙawa, zaka ƙarashi a matsayin mai mallaka, sai ya jira kwana 7 kafin ya iya zama babban mai mallaka, sannan ka cire kanka. Kuma dan Allah in akwai sharhin da 'yan'uwa da abokai suka rubuta maka alhali basu taɓa ganin ka wanke taga ba, ka faɗa masa tun kafin ciniki. Ban da cewa ɓoye aibin kaya haramun ne a wajenmu, dokar Ingila ma tun Afrilun 2025 ta hana sharhin ƙarya ƙarara.

Wannan ne ma yasa nake cewa mai sayenka yana cikin garinku, ba a Flippa yake ba. Flippa kasuwar sayar da websait ce a intanet, kuma ta gaske ce, amma zaka biya kuɗin saka talla kuma su cire la'adarsu in an sayar, kuma masu saye a can mutum ne a Amurka ko Indiya da yake neman shafin da zai kawo masa kuɗi daga nesa, me zai yi da kiran wata tsohuwa a Shipley mai son a wanke mata taga ranar Talata? Empire Flippers kuwa, wasu dillalan websait ɗin, ma basa karɓar ƙananan abu irin wannan. Akwai masu sayen irin shafinka su riƙa sayar wa masu sana'a kiran, amma su a ƙasa suke tayi sosai, ba mamaki mai fam 300 ɗinka irinsu ne. Ka nemi masu wankin da kuke haɗuwa a titi, ka san motocinsu ai. Musamman wanda ya ɗau yaro na biyu ko ya ƙara mota yana neman aikin da zai cikata, da masu wanke magudanar rufi da masu wankin tsakar gida da injin feshi da suke son shiga tagogi. Ka saka a Gumtree, shafin tallan kaya, da zaurukan masu wankin taga na Facebook, ka faɗa wa mai shagon da kake sayen robar goge gilashi da garin tace ruwa, su suke sanin wa yake faɗaɗawa. In kana da halin jira, Maris zuwa Mayu yafi, rana ta fito kowa yaga dattin tagarsa, waya tana ƙara. A Disamba ba mai marmarin sayen aikin ruwan sanyi.

Kafin ka saka talla ma, yau ɗinnan ka duba da sunan wa aka yi rajistar domen ɗin. Akwai wani abokina da aka gama ciniki an sallama, aka zo miƙawa sai aka tarar wanda ya gina masa shafin da sunansa yayi rajistar, hostin ɗinma a asusunsa yake tare da na wasu mutane, shi kuma da yaji ana maganar kuɗi yace sai an bashi kasonsa. Cinikin wargajewa yayi. In naka .co.uk ne Nominet ke kula dasu, ana canza alamar kamfanin rajista ne sannan a sauya sunan mai shi, ba wuya. In .com ne sai ka buɗe makullin ka karɓi lambar canjin ka bashi, kuma ka kula kar ka taɓa bayanan mai rajista ana gab da ciniki, don wasu kamfanonin suna kulle domen kwana 60 bayan irin wannan canjin. WordPress ana kwashe shi a kai wani hostin. Wix ba'a fitar dashi waje, sai dai ka miƙa masa shafin zuwa nasa asusun na Wix.

Lambar waya fa? In lambarka ta kanka ce wadda Hajiya take kiranka da ita daga gida, kuma itace a jikin mota da katin da ka raba shekara huɗu, toh ka yanke shawara. Ni shawarata ka bar masa ita ka sayi sabuwa, ka tura PAC zuwa 65075 su baka lambar da zai mayar da layin kamfaninsa. Sai dai ka cire layin daga banki da WhatsApp da duk inda ake turo maka lambar sirri tukunna, wannan ba wasa bane.

Kwastomomi kuma ba'a miƙa sunayensu da adireshinsu haka kawai kamar buhun gyaɗa, akwai dokar kare bayanai. Ka rubuta musu takarda ko saƙo kace wane ne zai cigaba daga wata kaza, wanda baya so ya faɗa. In da hali ku zagaya tare sau ɗaya ka gabatar dashi, tsofaffin nan fuskar da suka sani suke buɗe wa ƙofar baya. Masu biya ta GoCardless, mai cire kuɗi kai tsaye daga asusun banki, izinin da suka bayar da sunanka ne, sai an mayar dasu nasa. A shafin kuma ya cire hotonka, da wurin da ka rubuta kana da inshora, har sai ya saka tasa.

Wajen karɓar kuɗi, tunda ɗan gari ne ku zauna ku rubuta yarjejeniya feji ɗaya: me da me aka sayar, nawa, yaushe za'a miƙa, da cewa bazaka dawo kayi wanki a unguwannin ba na shekara biyu ko yadda kuka yarda, kai da zaka tashi ma wannan kyauta ce zaka bayar ta ƙara maka kuɗi. Ya bada kafin alƙalami ta banki, rabi misali, ka miƙa shafin da taswirar, ya cika sauran ranar da domen da layin suka koma hannunsa. In baka san mutumin ba ku bi ta Escrow.com, masu riƙe kuɗin a tsakani har sai an miƙa kayan. PayPal ni bana so a irin wannan, mai saye yana da kwana 180 da zai iya buɗe ƙorafi bayan ya karɓe komai. Duk wanda ya turo imel yace zai biya fam dubu biyar amma sai ka fara biyan wani kamfani ya kimanta domen ɗin, damfara ce tsohuwa, share shi. Kuɗin da ka samu kuma ka faɗa wa mai yi maka lissafin haraji ya saka a takardar HMRC, hukumar haraji, ta shekarar.

In mai sayen yana shakkar kira goman nan, akwai hanyar da take kashe gardama, ka karkatar masa da kiran wata ɗaya kyauta ya ɗauka da kansa ya ƙirga. In sun kai goma ya biya 1,500, in biyar ne ku sauko. Mai fam 300 ɗin ma ka koma ka tambayeshi ko wanki yake yi ko shafuka yake tarawa, in mai wanki ne ka nuna masa lissafin can na sama ka ambaci zagayen, ƙila shi ne zai kwashe duka. Ka turo mana nawa zagayen yake kawowa a wata da taurari nawa kake dasu a Google sai in ƙara gyara maka lissafin. Allah ya sa albarka a sabon aikin.