Batun Wakilcin Mahaifinku

Ɗana, saƙonka ya iso ni bayan la'asar, na karanta shi har sau biyu. Ka ce tun da ciwon nan ya taɓa ɓarin jikin Yaya, wato mahaifinku, zuwa banki ya gagare shi, ga hayar shaguna a tsohuwar kasuwa, ga gonar fadama, ga fansho, har wani lauya ya ba ku shawarar a rubuta takardar wakilci. Kana tambaya ko wannan ba rashin kunya ba ne a al'adarmu, kamar ana ƙirga gadon mutum yana raye.

Na ji daɗin wannan kunyar taka, alamar tarbiyya ce. Amma wakilci ba baƙo ba ne a Sakkwato. Mun tashi mun ga ana ɗaura aure da wakilin ango, mun ga fatake suna barin wakili a gida kafin su kama hanyar Gwanja ko Makka, su yi shekaru ba su dawo ba. Malamai suna kafa hujja da Ashabul Kahfi, da suka aiki ɗayansu birni da azurfa ya sayo abinci, da kuma Urwatul Bariƙi, wanda Annabi (SAW) ya ba dinari ɗaya ya sayo akuya, ya dawo da akuyar da dinarin. Abin da ya sauya kawai, a da kalmar baki gaban liman da mai unguwa ta wadatar, yau kuwa banki da ma'aikatar filaye takarda suke nema. Rubutun ma ai umarni ne a ayar bashi, aya ta 282 a Suratul Baƙara.

Abin da ya fi damuna shi ne lokaci. Wakilci ba ya inganta sai mai wakiltawa yana cikin hankalinsa. Yaya jiki ne ya yi rauni, amma ranar da na je duba shi ya tuna mini bashin taki na bara har da canji. To yanzu ne za a yi. In kuka bari har mantuwa ta kama shi, babu lauyan kirki da zai karɓi dangwalen yatsansa, sai dai ku tafi kotun shari'a alƙali ya naɗa mai kula da dukiyarsa, kuma ƙila ba wanda shi zai zaɓa ba.

Shi zai zaɓa, ka ji ni da kyau. Al'ada ta ba babban ɗa girma, amma ba ta ce dole shi ne wakili ba. Yayanku yana Kaduna, zuwansa sai da salla. In mahaifinku ya nuna kai, ko ya nuna ƙanwarku mai aikin asibiti, ya halatta, mace tana zama wakiliya. Sai dai kada a yi a ɓoye. Gidanku ɗaki biyu ne, duk abin da aka ƙulla ba da sanin ɗaya ɗakin ba, zargi zai haifa ko da an yi shi da zuciya ɗaya. A tara kowa, iyayenku mata su ji da kunnensu, a samu shaidu biyu adilai waɗanda ba su da rabo a gadon.

Na ga abin da rashin haka ya jawo a unguwarmu. Wani dattijo ya miƙa wa ɗansa katin ATM da lambar sirri, babu rubutu, babu shaida. Yaron ya yi ɗawainiya shekara uku, magani, abinci, kuɗin makarantar ƙanne. Da tsohon ya rasu aka ce ya kawo lissafi, ba shi da ko rasit ɗaya. Ni na yarda bai ci ba, amma har yau 'yan uwansa ba sa shiga gidansa. Duk sanda na wuce ƙofar gidan sai raina ya ɓaci.

Don haka a fayyace iyakar wakilcin. A rubuta: karɓar haya, cire kuɗin magani da cefane, bin sha'anin fansho, ba da gona aro ko jinga. Sayarwa kuwa kada a sa ta, sai in shi ya buƙata da bakinsa. Malamanmu na Malikiyya sun ce ko wakilin da aka sakar wa komai ba ya sayar da gidan da mutum yake zaune a ciki, ba ya sakin matarsa, ba ya aurar da 'yarsa budurwa, sai da izini na musamman. Haka kuma ba ya sayar wa kansa abin da aka ba shi amana. A ɓangaren gwamnati, tun dokar filaye ta 1978 fili mai takardar mallaka ba ya sauya hannu sai da amincewar gwamna, kuma takardar wakilcin da ta shafi fili sai an biya kuɗin hatimi an yi mata rajista. Banki kuma yana da nasa fom, ku je ku tambaya kafin lauya ya rubuta.

Wanda aka naɗa ya sayi littafi tun ranar farko, ya rubuta shige da fice, ya adana rasit, duk wata ya karanta wa Yaya. Wannan karantawar tana da muhimmanci a wurina, don tsoho ya san har yanzu shi ne mai gida, da izininsa ake taɓa kayansa. Kuma yana da ikon sauke wakilin duk ranar da ya ga dama. Ranar da ta Allah ta kasance, wakilci ya ƙare nan take, ko sisi ba a sake cirewa, dukiya ta koma ta magada.

Kada kai ka fara tayar masa da zancen, zai yi maka nauyi, shi ma zai ji wani iri. Ni ƙanensa ne, daga bakina zai fi sauƙi. Ranar Juma'a in an sauko daga Masallacin Shehu zan biyo, in Allah ya yarda, mu zauna ni da shi a zaure. Kai dai ka kira yayanku a daren nan ka karanta masa wannan saƙon, kuma ka gaida mini iyayenku mata.

Baffanka.