Shin Hornets su rabu da LaMelo Ball su sake faɗuwa da gangan?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni mai goyon bayan Charlotte Hornets ne, ƙungiyar ƙwallon kwando a gasar NBA ta Amurka, tun zamanin tsohon tauraronmu Kemba Walker, kuma har yau nakan hana idona barci, ƙarfe ɗaya na dare ina zaune gaban waya ina kallon yadda ake lallasa mu. Kakar 2024/2025 ta ƙare mun ci wasa 19, an doke mu 63. Rabonmu da zagayen fitar da zakara tun 2016. A zaurenmu na WhatsApp kusan kowa ya tsaya a kan cewa LaMelo Ball, matashin da ke raba mana ƙwallo, ba zai kai mu ko'ina ba, gara a musanya shi da damar zaɓen sababbin 'yan wasa, a bar ƙungiya ta faɗi ƙasa warwas shekara biyu ko uku har a samu zaɓin farko. Gaskiya na fara karkata ga ra'ayinsu. Tsorona shi ne kada ƙuruciyar yaron ta ƙare a hannunmu a banza, ko ya tafi kamar yadda Kemba ya tafi. Don Allah mene ne gaskiyar lamarin?

AMSA: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Allah ya ba ka ladan haƙuri, domin wanda ya riƙe Hornets tsawon wannan lokaci ba ya buƙatar a koya masa juriya.

Tsoronka yana da tushe, zan zo kansa. Amma maganin da 'yan zaurenku suka rubuta maka ya fi ciwon haɗari, kuma shi ne maganar da na fi gajiya da jin ta. Duk ƙungiyar da ta yi watanni biyu tana shan kashi, sai ka ga masana na dare ɗaya sun fito a Facebook suna cewa a rushe komai, a faɗi da gangan, gwani na nan tafe. Suna magana kamar akwai wani ofishi a New York da ake kai takardar shaidar shan kashi a karɓo tauraro.

Ka san yadda ƙuri'ar da ke tsara jerin zaɓen sababbin 'yan wasa take, amma bari mu dubi lissafinta tare. Ƙwallaye 14 ake zubawa cikin na'ura, a fitar da huɗu. Haɗuwar lambobin da aka raba wa ƙungiyoyi guda 1,000 ne, kuma a tsarin da aka fara a 2019 ƙungiyoyi uku da suka fi kowa lalacewa kowacce 140 take samu, wato kashi 14 cikin ɗari. Kafin nan ta ƙarshe tana da kashi 25. An rage ne musamman domin a kashe wa masu faɗuwa da gangan kasuwa. Ƙungiyar da ta zo ƙarshe a duk gasar, yiwuwar ta zame zuwa zaɓi na biyar ya kusa rabi. Daga 2019 zuwa 2025 an jefa ƙuri'a sau bakwai a wannan tsari, kuma ko sau ɗaya ƙungiyar da ta fi kowa shan kashi ba ta samu zaɓin farko ba. Detroit ta zo ƙarshe a 2023 ta faɗa na biyar, Victor Wembanyama da aka ɗauka na farko ya tafi San Antonio. Ta sake zuwa ƙarshe a 2024 ta sake faɗawa na biyar, Atlanta mai kashi 3 ta ɗauke zaɓin farko. A 2025 Utah ce ta ƙarshe da wasa 17, ita ma na biyar ta samu, Washington na shida, ku kuna da kashi 14 kuka tashi da na huɗu, Dallas da ba ta kai kashi 2 ba ta tafi da Cooper Flagg.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne mai goyon bayan Charlotte ne zai yarda da wannan magana. Ku fa aka fi yi wa wannan wasan. A kakar 2011/2012, lokacin ana kiran ƙungiyar Bobcats, wasa 7 kuka ci aka doke ku 59, kaso mafi muni a tarihin NBA. A lokacin ma kuna da kashi 25 ɗin nan. Anthony Davis ake jira. New Orleans ta ɗauke shi, ku kuka koma gida da Michael Kidd-Gilchrist. Kemba da kake ƙauna, shekararsa ta farko ke nan, a cikin wannan kangon ya buɗe ido.

Za su ce maka to ai Philadelphia ta yi ta samu Joel Embiid, ɗan Kamaru. Ta samu, ba na musu. Ta kuma yi kaka guda da wasa 10 kacal, ta ɗauki Jahlil Okafor na uku, Ben Simmons na farko, Markelle Fultz na farko, kuma har ƙarshen kakar 2025 ba ta taka wasan ƙarshe na yankin Gabas ba tun 2001. A tsohon tsari ke nan fa, lokacin da faɗuwa take da riba. Za su ce Oklahoma City ta yi kaka biyu a ƙasa ga shi ta ɗauki kofin 2025. Wannan ma gaskiya ne, ta nan ta samu Chet Holmgren. Sai dai ka tambaye su, a cikin shekarun nan biyu Oklahoma ta kori matashin mai raba mata ƙwallo ne ko riƙe shi ta yi? Shai Gilgeous-Alexander yana nan daram, a kansa aka yi ginin. Shi kuma ba ta ƙuri'a suka same shi ba, musayar Paul George ce ta kawo shi daga Clippers a 2019. Kuma wace ƙungiya ce ta kira sunansa a zaɓen 2018, na 11, ta miƙa shi a daren nan ta karɓi Miles Bridges? Charlotte. Ita ce kuma ta kira sunan Kobe Bryant na 13 a 1996 ta ba Lakers ta karɓi Vlade Divac. Ƙungiyar da ke da wannan tarihi, a ce kuma matsalarta rashin damar zaɓe ce?

Akwai kuma ɓarnar da lissafi ba ya nunawa, ita ce ta fi damuna a matsayina na wanda ya yi aiki da yara a fili. Mai raba ƙwallo ba da motsa jiki kaɗai yake girma ba. Yana girma ne a mintuna biyar na ƙarshe, wasa ya yi kunnen doki, abokan hamayya sun turo mutum biyu sun matse shi a tsakiyar fili, agogon jifa saura daƙiƙa shida, dole ya karanta wane ne aka bari a kusurwa. Wannan karatu sai a wasan da ake son ci. Ƙungiyar da ta shiga fili da niyyar faɗuwa, kafin a shiga zango na huɗu an riga an ba ta tazarar maki ashirin, koci ya kwashe manya ya zaunar a benci, sauran mintunan kowa neman makinsa yake domin kwantiragin gaba. Yaron da ya yi shekara uku a haka zai koyi abubuwa, amma munana: jifa daga nesa ba tare da an juya ƙwallo ba, tafiya a hankali wajen komawa tsaron gida, ɗaga hannu ga alƙalin wasa alhali abokin karawarsa ya wuce. Daga baya mutanen da suka ce a faɗi su ne za su dawo su ce yaron ba ya son nasara.

Ka dubi Detroit, domin ita ce ta fi kusa da halin da kuke ciki. Ta ci ƙuri'ar 2021 ta ɗauki Cade Cunningham na farko, wato abin da zaurenku ke mafarki ya tabbata a gare ta. Me ya biyo baya? Wasa 23, sai 17, sai 14. A kakarsa ta biyu wasa 12 kawai ya buga aka yi masa tiyata a ƙwauri. A ta uku aka doke su sau 28 a jere. Daren da suka sha kashi na 27 a hannun Brooklyn, maki 41 ya zura, kuma washegari maganar da ake yi a kansa ita ce wadda ake yi a kan LaMelo yau: makinsa na banza ne, ba shugaba ba ne, a rabu da shi. Masu ƙungiyar ba su saurara ba. Sun ba shi sabon kwantiragin shekara biyar, sun sallami Monty Williams duk da makudan kuɗin da suka rage a yarjejeniyarsa, sun kawo Trajan Langdon ya riƙe ofis, J.B. Bickerstaff ya riƙe horarwa. Sannan suka yi abin da ba ya jan hankalin masu yaɗa jita-jita: suka ɗauko tsofaffin hannu, Tobias Harris da Tim Hardaway Jr da Malik Beasley. Babu tauraro ko ɗaya a cikinsu. Mutane ne da suka iya jifan maki uku, suka san inda ake tsayawa. Beasley shi kaɗai ya zura jifan maki uku sau 319 a kakar 2024/2025. Da masu tsaro suka daina cunkushewa a ƙarƙashin kwando, hanya ta buɗe wa Cade, miƙawar da a da take faɗawa hannun wanda zai ɓarar ta koma maki. Daga wasa 14 suka koma 44, suka shiga zagayen fitar da zakara, suka ci Knicks wasa biyu kafin a fitar da su. Da tsohuwar zuma ake magani. Cade na watan Disambar 2023 da na watan Afrilun 2025 mutum ɗaya ne.

Yanzu ga tsoronka. LaMelo ba Cade ba ne, kuma ba zan yi maka daɗin baki ba. Damuwar gaskiya tana idon sawunsa. Wasa 36 ya buga a 2022/2023, kakar da idon sawunsa na dama ya karye a wasa da Detroit, sai 22, sai 47. Wasa 105 ke nan cikin 246. Ba a gina ƙungiya a kan mutumin da ya fi yawan zama a gefen fili cikin kayan gida. Sannan zaɓin jifansa yana buƙatar gyara, tsaronsa kuma yakan zo yakan tafi. Ya zura wa Milwaukee maki 50 a Nuwamban 2024 aka kuma doke ku.

Amma ka tuna kaka ɗaya da ya samu lafiya sosai, 2021/2022. Wasa 75 ya buga yana ɗan shekara 20, aka zaɓe shi wasan taurari, kuka ci 43 aka doke ku 39. Daga zuwansa a 2020 zuwa 2025 koci uku ya gani, James Borrego da Steve Clifford da Charles Lee, an canza masu ƙungiya da Michael Jordan ya sayar da mafi yawan hannun jarinsa a 2023, an canza shugaban ofis. Brandon Miller da ya kamata ya rage masa nauyi, wuyan hannunsa ya fitar da shi daga kakar 2024/2025 tun watan Janairu. Har ƙarshen waccan kakar ba a ga su biyun tare na tsawon lokacin da za a yanke hukunci ba. Mutum mai tsawon kusan mita biyu da yake ganin fili kamar yadda yake gani, an haife shi a 2001, ba kowace shekara ake samun irinsa a zaɓe ba, ko da an ci ƙuri'ar.

Kuma ko da a ce za a rabu da shi, wane ɗan kasuwa ne yake fitar da kaya ranar da farashi ya faɗi? Yau duk ƙungiyar da ta kira waya ta san tarihin idon sawun, ta san girman kwantiraginsa, tayin da za ta yi na raini ne. A karɓi wannan domin a je a jira kashi 14, shi ne saki reshe kama ganye. Waɗannan hotunan da ake turo muku, an sa masa rigar Lakers ko ta Miami an rubuta cewa magana ta yi nisa, ka riƙa duba daga ina suka fito. Yawanci shafi ne da yake cin abinci da yawan dannawa, ba shi da kowa a Charlotte, gobe kuma zai sa wa wani rigar.

Abin da zan so ka sa wa ido a kakar 2025/2026 kaɗan ne. Wasa nawa ya buga, wannan shi ne kan gaba, idan ya haura 65 an fara magana. Sai ko ofis ya samo dogo mai lafiya da zai tare masa hanya ya kuma tsare bakin kwando, domin Mark Williams da aka sa wa rai shi ma jinya ta cinye shi, har Lakers ta fasa musayarsa a Fabrairun 2025 bayan gwajin likita, daga baya aka tura shi Phoenix. Sai Kon Knueppel da kuka ɗauka na huɗu, wanda jifansa shi ne irin abin da ya buɗe wa Cade hanya. Sai kuma ka lura da LaMelo lokacin da ƙwallo ba ta hannunsa, yana motsi ko yana tsaye yana kallo, da kuma ko Charles Lee yana iya zaunar da shi idan ya ƙi komawa tsaro. Idan aka ba shi lafiya da masu jifa da koci ɗaya na kaka biyu cikakku amma ƙungiya ta kasa kai wasa 35, ka dawo mu yi maganar musaya, a lokacin ni ma zan saurare ka.

Maganar Kemba kuwa, ka tuna yadda ta kasance. Shekara takwas ya yi a Charlotte, sau biyu kawai ya ga zagayen fitar da zakara, bai taɓa tsallake zagayen farko ba, kuɗin ƙungiya kuma suna ɗaure a manyan kwantiragi irin na Nicolas Batum. Da kwantiraginsa ya ƙare a 2019 ya nufi Boston. LaMelo yana ɗaure har 2029, saboda haka ba gobe zai ɗauki jakarsa ba. Ka gaya wa 'yan zaurenku su ajiye hotunan rigar Lakers, su fara tambayar wane ne zai tsaya ƙarƙashin kwando a daren buɗe kaka.