Me Ya Sa Bidiyo Ba Ya Farawa Daidai Inda Na Zaɓa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina haɗa wata 'yar manhaja da GStreamer, kayan aikin sarrafa sauti da bidiyo, ina so ta kunna yanki ɗaya kawai na bidiyo, daga daƙiƙa ta 90 zuwa ta 120. Wani lokaci sai ta fara daga ta 86, wani lokaci kuma ta fara daidai amma sai ta ɗan tsaya cak kafin hoto ya fito. In na sa ta maimaita yankin kuwa, sauti yakan yanke a mahaɗar. Ni na yi kuskure ne?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Lissafinka ba shi da laifi. Abin da ka gani ya samo asali ne daga yadda ake ajiye bidiyo.

Mutane da yawa suna ɗauka fayil ɗin bidiyo tarin hotuna ne a jere, kowanne mai zaman kansa. Ba haka ba ne. A tsarin matse bidiyo irin H.264, cikakken hoto jefi-jefi yake zuwa. Duk firam, wato hoto ɗaya na bidiyon, da ke biye da shi bambanci kawai yake ɗauke da shi: hannu ya matsa dama kaɗan, bango yana nan yadda yake. In ka ciro irin wannan firam ɗin shi kaɗai, ba za a iya zana komai da shi ba, sai an san abin da ya gabace shi. Tazarar cikakkun hotunan kuma takan yi nisa. Manhajar x264 mai matse bidiyo zuwa H.264, in ba a canza mata saiti ba, tana iya barin firam 250 a tsakani, wato daƙiƙa 10 ke nan a bidiyo mai firam 25 a daƙiƙa.

To, ka nemi daƙiƙa ta 90, cikakken hoto mafi kusa a baya yana ta 86. Saƙonka na neman tsalle zuwa wannan lokaci yana bin layin ne, wato jerin sassan GStreamer da bidiyo ke ratsawa, daga ƙarshe, wajen allo da lasifika, ya koma baya har ya isa sashen da ke raba sauti da hoto. Shi zai duba jadawalin da ke cikin fayil ɗin MP4, ya ga ba shi da wurin farawa sai 86. Daga nan zaɓi biyu ne. In ka sa alamar KEY_UNIT, za a nuna maka daga 86 ɗin nan take. In ka sa ACCURATE, za a warware firam 100 da ke tsakanin 86 da 90 a ɓoye, a zubar da su, sannan a nuna maka na farko da ka nema. Wannan aikin ɓoyen shi ne tsayawar da kake gani. Ni dai a ganina, mai jan maɓalli yana neman wuri gara a ba shi na farko, amma aiki irin naka na biyun yake so.

Yadda ake sanin abin zubarwa shi ne, bayan tsallen ana aika sanarwar yanki zuwa kowane sashe: farko kaza, ƙarshe kaza, gudu kaza. Kowane guntun sauti ko hoto yana ɗauke da tambarin lokacinsa, wanda ya faɗo waje sai a yar da shi. Sauti ya fi sauƙin datsa, domin guntun sauti a tsarin AAC samfuri 1024 ne, kusan milidaƙiƙa 21 a 48 kHz, kuma bayan an warware shi ana iya yanka shi a tsakiya. Ka kuma tuna GStreamer da nanodaƙiƙa yake ƙirga lokaci, 90 ɗinka 90,000,000,000 ce. Sifili ɗaya ya ɓace, ka tafi wani wuri daban.

Sai batun maimaitawa, wanda nan ne aka fi yin tuntuɓe. Ina kyautata zaton kana jiran saƙon EOS ne, wato sanarwar cewa bayanai sun ƙare, sannan ka sake tsalle da alamar FLUSH. Kafin EOS ya iso, layin ya riga ya bushe, ita kuma FLUSH tana share komai a fara cikawa daga farko, dole a ji giɓi. Ka yi tsallen farko da FLUSH haɗe da alamar SEGMENT. Da haka, maimakon EOS za ka samu SEGMENT_DONE, wato sanarwar cewa an gama karanta yankin, tun sauran bayanai suna kan hanya ba su gama fita ba. Da ya iso sai ka sake tsalle da SEGMENT kaɗai, ban da FLUSH. Sabon zagaye zai bi bayan tsohon, agogon kunnawa kuma ya ci gaba da tafiya ba tare da ya koma sifili ba.

Kada kuma ka aika tsallen kafin layin ya gama shiga yanayin PAUSED, wato na dakatawa, domin a lokacin bai karanta jadawalin ba tukuna, sau da yawa sai a yi watsi da saƙon. In bidiyon daga intanet yake zuwa, sai sabar ta yarda a nemi wani ɓangare na fayil, wanda take amsawa da lambar 206. In kuma kai ke haɗa bidiyon da kanka, ka sa cikakken hoto duk daƙiƙa 1 ko 2. Fayil ɗin zai ɗan ƙara nauyi, amma firam ɗin da za a zubar ba zai wuce 50 ba a bidiyo mai firam 25 a daƙiƙa.